Tsohuwa da Kututturen Kalgo

A can baya, a wani gari, masu gatari suka cinye daji har babu sauran inuwa. Da itacen girki ya yi wuya, mutane suka koma tonon kututture.

Akwai wata tsohuwa mai 'yar gona, wadda da ita take ciyar da jikokinta. Ita ma ta ɗauko gatari, sai ta ga kututturen kalgo ya yi toho. Ta sauke hannu ta ce, "A bar shi, yana da rai."

Maƙwabcinta ya yi dariya. "Iya, ɗanyen ganye za ki hura a murhu?"

Ta ce, "A bar shi, yana da rai."

Ta riƙa girki da kara da kashin shanu, hayaƙi na sa ta hawaye. Kowace shekara tana rage tohon kututturanta, ta bar masu ƙarfi, har suka zama itatuwa.

Wata damina iska ta taso, rairayi ya binne shukar gari kaf. A gonar tsohuwa kuwa, itatuwa suka tare iskar, geronta ya tsira.

Maƙwabcin ya zo ya durƙusa. "Iya, akwai sauran kututture a gonata. Wane tohon ake bari?"