Injin da Ba Ya Yarda a Ture Shi

Ranar Juma'a da la'asar aka kira Insfekta Mashkura zuwa wani shagon surfani a Jikwoyi. An sace ɗaya daga cikin injinan sarbo biyu da ke juya keken surfanin kwamfuta.

Mai shagon, Alhaji Musaddiq, ya riga ya yanke hukunci.

"Silas ne! Kowa ya tafi masallaci, shi aka bari. A kai shi gidan yarin Kuje kawai."

"Alhaji, kai ne alƙali, ko kai ne ɗan sanda?" in ji ta. Ta gaji da masu kawo ƙara da hukuncinsu a aljihu.

Silas, wanda ya shekara tara yana tuƙa keken, yana tsaye a gefe. Ya ce da aka ɗauke wuta ƙarfe ɗaya ya fita cin abinci. Da ta tambaye shi mene ne sarbo, sai ya ɓarke da bayani har ta yi nadamar tambaya.

"Madam, akwai ido a bayansa, yana ƙirga kowane juyi. Kwamfuta ya ce masa tsaya nan, ko yi gudu kaza, ido ya duba. In ya kauce ko kaɗan, zai gyara kansa."

"Taƙaita, don Allah."

"Taɓa wannan."

Ta murɗa sandar injin da ya rage. Ya ture hannunta, ya koma inda yake kamar jaki mai taurin kai. Ta ja tsaki, ta dubi ƙwan fitila. A mace yake.

"Ba wuta, ya aka yi yake motsi?"

"Batir na sola, madam. Keke kaɗai yake ba wuta. Ni ba na taɓa bel sai na kashe."

Ta durƙusa ta leƙa gurbin injin da aka sace. Jini ya bushe a jikin bel, wato robar nan mai haƙora da injin ke ja. Hannayen Silas kuwa lafiya lau.

A bakin ƙofa Manniru, ƙanen matar Alhaji mai kula da zare, yana alwala da hannu ɗaya, na dama naɗe da tsumma.

"Me ya sami hannunka?" in ji Mashkura.

"Ƙofar tasi ce."

"Da safe da hannu biyu ka ɗauko mini kwali," in ji Alhaji a hankali. "Kuma da ƙafa muke zuwa masallaci."

"Kwance tsumman," in ji Mashkura.

Sawun haƙoran bel ne a jere kan yatsu uku. Manniru ya zauna a ƙasa.

"Na ga an ɗauke wuta, na ɗauka ya mutu. Ina jan bel ya fizge ni. Injin yana cikin buhu a ɗakina."

Kofur ɗin da ya rako ta ya tasa shi gaba zuwa mota. Alhaji ya fara kame-kame, wai abin na gida ne, a sasanta.

Ran Mashkura ya ɓaci sosai.

"Ɗazu da Silas ne Kuje ka ce, Alhaji. Hanyar ba ta canza ba."