Sheƙar da Ke Bayan Taga

"Zo ka gani, yi sauri! Sun yi canjin aiki!"

Kafinta ya fito da buroshi a baki. Matarsa na durƙushe kan kujera, goshinta jingine da gilashin taga. A waje, kan dakalin tagar, kurciyoyi biyu ne suka tara 'yan tsinkaye, irin sheƙar da in kafinta ne ya yi ta, da tuni mai aiki ya kore shi.

"Macen ce ke kwana kan ƙwan, da hantsi sai namijin ya karɓe ta ta huta," in ji ta. "Ka ji miji na gari!"

"To ai ni ma, ranar da kika saka ƙwai zan kwanta a kai."

Ta yi yaƙe kawai. Sai da maganar ta fita ya ciji yatsa. Sau biyu tana ɓari tun aurensu, kuma tun na ƙarshen, tsuntsayen nan ne kaɗai ke sa ta fara'a da safe.

Ranar da Mama, mahaifiyarsa, ta kawo ziyara, a bakin tagar ta tarar da surukar tata.

"Ikon Allah! Ana gadin ƙwan tsuntsu, na ciki ya ƙi zama! Kai kuma kana tsaye ƙerere, gida ya koma akurki?"

Kafinta bai taɓa musa wa Mama ba. Don dai a zauna lafiya, ya ɗauki tsintsiya ya buɗe taga. Shara ɗaya ya yi, ƙwai biyun suka tarwatse a ƙasa.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Sai da Mama ta tafi ta dube shi, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Maganar Mama zan haɗiye, uwa ce. Amma kai, kai ka san abin da nake kallo a tagar nan."

"Haba, sori mana, tsuntsu ne fa kawai..."

Kafin la'asar ta haɗa kayanta ta koma gidansu.

Yanzu shi ne ya gaji kujerar. Kullum da safe kurciyoyin sai su sauka kan dakalin, su zagaya wurin da sheƙar take, ba wanda ya bar ɗan'uwansa. Abin ya tsaya masa a rai, kunya ta ishe shi.

Ya je ya durƙusa gaban Mama.

"Mama, ki gafarce ni, yau zan yi magana. Ita ta kwanta asibiti, ita ta sha wuya. Ni da ya kamata in karɓe ta ta huta, tsintsiya na ɗauka."

Mama ta share ido da bakin mayafi.

"Kafin in same ka, ni ma biyu na rasa. Wai har na manta zafin! Tashi mu je, ni zan ba ta haƙuri."

Matar ta dawo, don mai haƙuri ce. Ta tarar ya ƙera wa kurciyoyin ɗan akwatin katako mai rufi ya kafa bayan taga, ya goge shi sumul. Bayan shekara Allah ya ba su 'ya mace, Mama ce ma ke rigimar goyo.

Kurciyoyin dai ba su ƙara yin sheƙa a gidan ba, can saman tagar maƙwabta suka koma. Har yau matar kan zuba musu ruwa a murfin kwano ta ajiye kusa da akwatin, shi kuma in ya gani sai ya sunkuyar da kai.

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba da karya zuciyar wadda ta dogara da kai ake yin ta ba. Haƙurinta ya mayar mata da gidanta. Akwatin kuwa yana nan wayam, ko tsinke ɗaya babu a ciki.