Fankokin da Ilu Ya Sa

Ranar Talata, sha shida ga watan Maris na 1999, Ilu mai gyaran na'urori ya cire ƙaramar fankar da ke cikin kwamfutar shagona, ya sa manya guda biyu marasa ƙara. Ranar aka cuce ni. Sunana Malam Barau. Na koyar da lissafi a firamare har na yi ritaya, kuma shi kansa Ilun ya zauna a ajina. Zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ba ƙari.

Da na bar aiki na buɗe shagon buga takardu a Gumel, a bakin hanyar Maigatari. 'Yata Sharifa ce ke zama a gaban kwamfutar, tana buga tambayoyin jarrabawa na makarantun Gagarawa da Sule Tankarkar. Aiki ya yi yawa, na'urar kuma ga nawa. Ilu ya ce zai iya tilasta wa ƙwaƙwalwarta ta yi gudu fiye da yadda maƙeranta suka tsara. Ya buɗe akwatin, ya yi 'yan taɓe-taɓensa, gudu kuwa ya ƙaru. Zafi ma ya ƙaru, har ba a iya ɗora hannu a kan akwatin. Sai ya huda bangon baya, ya zura bututu don hucin ya riƙa fita waje.

Bayan bangon nan kufai ne, da tsohuwar tsamiya. Ko a tsakar gidanka, in za ka zubar da ruwan zafi sai ka yi bisimilla da ƙarfi, ka ɗan dakata, don waɗanda ba ma gani su janye 'ya'yansu. Balle a gindin tsamiya.

Fankar farko ihu take kamar injin markaɗe. Ta dame mu, amma ko ba komai duk wanda ke bayan bango yana jin ta kafin zafi ya iso shi. Muna nan lafiya, sai Sharifa ta fara kukan ciwon kai. Shi ne Ilu ya zo da manyan fankokinsa.

"Malam, duba nan," in ji shi. "Babba ba ta buƙatar gudu. A hankali take juyawa, iskarta ta fi ta ƙaramar yawa, kuma ko sauro ya fi ta ƙara."

Na ce, "To wa zai sanar da na bayan bango?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam! Kai da ka koya mana lissafi? In sun ji zafi su sayi tasu fankar."

"Ilu, ba abokin wasanka ba ne ni. Ka juyo da bututun nan ta gaban shago."

Ya daina dariya. Ya rantse mini zai juyo da shi kafin la'asar, bari ya je ya ci abinci. A kan wannan rantsuwar na ɗauki takardun wani hedimasta na tafi Maigatari. Ilu kuwa bai dawo ba.

Ana shirin kiran magariba ɗan acaɓa ya sauke ni a ƙofar shago. Layin ya fara duhu. Theresa, telar da ke maƙwabtaka da mu, tana tsaye a waje ta rungume hannuwanta.

"Baba Malam, tun ɗazu aka ɗauke wuta," ta ce a hankali. "Sharifa ba ta fito ba. Na yi ta kiranta."

"Ba ki leƙa ba?"

"Na je bakin ƙofa. Akwai wani wari."

Na tura ƙofar. Ƙauri ya doke ni, irin na babbakar kan rago. Gilashin kwamfutar baƙi ƙirin. Sharifa tana zaune a miƙe, yatsunta a kan maɓallai, ta ba ni baya.

"Sharifa."

Na matsa kusa. Da tsohuwar fankar ce, da ban ji komai ba. Amma yanzu ɗakin tsit yake.

Sai na ji. Fuu. Ya tsaya. Fuu.

Na sunkuya na leƙa cikin akwatin. Fankokin nan biyu suna juyawa a hankali. Babu wuta a garin, suna juyawa.

Na kai tafin hannuna kusa. Iskar ba fita take ba. Shigowa take. Mai ɗumi, mai laima, mai warin baki. Ta tsaya, ta sake zuwa.

Wani ne ya kafa bakinsa a bututun daga waje.

Can cikin bututun jariri yana kuka, muryarsa ta dushe, irin ta wanda ya daɗe yana yi.

Na buɗe baki zan yi addu'a. Harshena ya yi nauyi kamar dutse.

Sharifa ta juyo. Idonta a rufe. Leɓɓanta suka motsa, amma muryar ta tsohuwa ce.

"Barci ɗanmu yake yi, kuka ƙona shi."

Muryar ta ci gaba.

"Da kuna ihu, muna matsawa. Yau kun yi shiru."

"Ba mu..." Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Fatarsa ta saluɓe."

Fankokin suka tsaya cak. Sai suka juya ta ɗaya ɓangaren. Takardun kan tebur suka fara ja zuwa akwatin. Bakin mayafin Sharifa ya ɗaga, ya miƙe. Kanta ya fara sunkuyawa yana binsa.

Na cafki hannunta. Kamar na kama tukunya a kan murhu.

Ban saki ba. Na ja. Aka ja.

Ƙafafuna suna zamewa a kan siminti.

Sai na ji an damƙi rigata ta baya. Theresa ce, tana kiran sunan Yesu da iyakar muryarta. Ihunta ya kwance mini harshe, na ƙwala bisimilla. Mu uku muka zube a waje, a kan ƙasa.

Mayafin ya tafi. Ina kallo ya shige akwatin har ƙarshensa.

Tafin hannuna ya tashi, ya warke, ya bar tabo. Sharifa ce ba ta warke ba. Jikinta bai sake hucewa ba. Mun je asibiti, sun auna, sun ce ba su ga ciwo ba. Malamai sun yi tofi har na Ɗanzomo. Uwarta Larai tana jiƙa zane ta lulluɓa mata, kafin ta juya ya bushe. Ba ta magana. Tana zaune ne kawai tana numfashi a hankali, ya tsaya, ya dawo. Kullum ƙara ramewa take. Na rufe shagon, kuma ba wanda ya yarda ya shiga ya fito da kwamfutar.

Shi kuwa Ilu, da ya ga magana za ta komo kansa, sai ya shiga kasuwar Maigatari yana cewa aikinsa ba shi da aibu, wai ni na ba da 'yata don shagona ya yi albarka. Magana ta zaga har Sule Tankarkar. Yanzu in na shiga sahu a masallaci, na kusa da ni matsawa yake. Mutanen da na koya wa ƙirga sun daina gaishe ni. Mata sun daina shigowa duba Sharifa, in ban da Theresa.

Ban sa ran 'yata za ta tashi ba. Na daina yaudarar kaina. Ba na neman ko sisin Ilu, ba na son a taɓa lafiyarsa. Abu ɗaya nake nema, kuma hakkina ne. Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, ya miƙe tsaye a gaban jama'a, ya faɗa da bakinsa cewa na gargaɗe shi ya yi dariya, ya yi rantsuwa ya saɓa, sannan ya yi mini ƙazafi. Ya ambaci sunan Sharifa, ya roƙi gafararta kowa yana ji.

Ya yi shi tun tana numfashi. Ina so ranar da za a fito da ita daga gidana a sami masu ɗaukarta.