Ƙanwar da Aka Bari a Kurmin Goriba

Idan aka ce ka zaɓi ɗaya tsakanin wanda kuka fito ciki ɗaya da wanda ka raina da hannunka, wa za ka ɗauka? Kada ka yi saurin amsawa. A jami'a mun sha musu a kan wannan, wasu su ce hali a jini yake, wasu su ce tarbiyya ce. Ni dai da an ɗauko maganar sai in tuna Gwaggo Hansai, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma aka sa ta amsa tambayar kafin rana ta faɗi.

Yaya Lantana, 'yar wan babanmu, ita ta ba mu labarin, ina sakandare a lokacin. Bayan magariba ne, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ƙanwata Saude ta tambayi dalilin da ya sa Gwaggo Tabawa ba ta zuwa yankan kaba, alhali duk Tungar Maje babu mai saƙa tabarma kamarta. Yaya Lantana ta dubi ƙofa. Ta rage murya. Ta ce mu matso, kuma wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu. Babu wanda ya tashi.

Hansai da Tabawa 'yan'uwan babanmu ne ta wajen kaka. Su biyu kacal uwarsu, Inna Delu, ta haifa, mijinta kuwa ya rasu tana da cikin ƙaramar. Da kaba take ciyar da su. Akwai kurmin goriba gabas da gari, can take zuwa ta yanko ganyen, ta shanya, ta saƙa.

A garinmu ba a kwantar da jariri a daji sai an ajiye masa ƙarfe a wajen kai. Wuƙa, ko lauje, ko da allura ce. Mutanen ɓoye ba sa tsallake ƙarfe. Kowace mace ta san wannan.

Ran nan Inna Delu ta shimfiɗe jaririyar a inuwa, wata huɗu da haihuwa. Ta ajiye wuƙa a wajen kanta, ta zaunar da Hansai, ta shiga yanka. Hansai shekararta bakwai. Sai ga goriba ta faɗo, ja jawur, can gefe. Haƙoranta na gaba sun fita, ba ta iya gwaguya. Ta ɗauki wuƙar don ta kankare ɓawon. Taku goma kawai ta yi.

Wata 'yar guguwa ta taso. Ƙarama ce, ba ta kai tsayin mutum ba. Ta zagaya inuwar sau ɗaya, ta mutu.

Hansai ta dawo da gudu. Jaririya na nan. Zanen shi ne, layar wuya ita ce. Amma wadda ta bari barci take, wannan kuwa idonta biyu, tana kallonta ba ƙiftawa. Ta taɓa ta, jikin sanyi ƙalau kamar randa. Ta mayar da wuƙar inda take. Ba ta gaya wa kowa ba.

Inna Delu ta ba yarinyar nono, ta kama. Haka ta girma. In ta shigo gida kaji sai su yi tsit. Ko a tsakiyar bazara tafin hannunta da sanyi. Abinci mai gishiri sai ta amayar, har sai da uwar ta riƙa saka mata ƙwaya ɗaya ɗaya a kunu, shekara da shekaru, kafin cikinta ya karɓa. Yara suka sa mata 'yar iska-ta-kawo. Hansai ta fasa wa biyu baki, sauran suka koma faɗa a ɓoye.

Hansai na da sha uku Inna Delu ta rasu. Daga nan ita ce uwa. Ita ta yi wa Tabawa kitso, ita ta koya mata saƙa. Fatiha ce ta fi ba su wahala. Da yarinyar ta fara sai harshenta ya yi nauyi, hanci ya ɓalle da jini. Hansai ta ce a bari. Tabawa ta share hancin da bakin zane ta ce a sake. Shekara biyu suka yi a kan aya bakwai. Ranar da ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba, Hansai ta yanka musu zakara ɗaya tilo da suke da shi.

Nan Yaya Lantana ta ɓare gyaɗa biyu. Sannan ta ce yanzu ne za mu ji abin da ya sa ba a shiga kurmin nan mutum ɗaya.

Tabawa na da sha biyar, wata Alhamis, Hansai ta tafi yanka ita kaɗai. Rana ta take tsaka. Tana cikin yanka sai ta lura ba ta jin komai. Babu kurciya. Babu ko ƙuda. Laujen ma ya daina ƙara.

Ta ɗago kai. Wata budurwa na tsaye a gindin goriba.

Fuskar Inna Delu ce. Wushiryar, da goshin, da ɗan tabon da ke gefen ido wanda Hansai ma take da shi. Hansai ta dubi ƙasa. Ƙafafun ba su taka ba. Tsakaninsu da yashi akwai kamar kaurin yatsa.

Bakin budurwar ya motsa. Sai da ya rufe sannan muryar ta iso, kamar daga cikin rijiya.

"Yaya. Kin ɗauke wuƙar."

Lauje ya faɗi daga hannun Hansai. Ta durƙusa. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne ko mutanen ɓoye suna dukanta. Budurwar ta ce a'a. Ko tana cin abinci? Ta ce ana ba ta, amma ba shi da ɗanɗano. Sai ita ma ta tambayi ina Inna.

"Ta rasu. Shekara tara ke nan."

Fuskar ta motsa, ta sake motsawa. So take ta yi kuka, amma ba a koya mata yadda ake yi ba.

Ta ce waɗanda suka raine ta sun amince. Shekara goma sha biyar tana roƙo, yau suka yarda. A kawo musu tasu kafin rana ta faɗi, ita kuma ta koma gida. In rana ta faɗi, an rufe maganar har abada.

Hansai ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Tabawa ta share tsakar gida, ta dama fura, ta rufe mata tata da faifai. Tana ganinta ta fara tsiya, wai mutum ya tafi daji tun safe ya dawo ko tsinke babu, ko dai wani mai kiwo ne ya tsare ta da zance? Hansai ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin ta lura Tabawa ta ɗaura zanen sallarta. Ƙullin kayanta na bayan ƙofa.

"Kin gan ta ko?" in ji Tabawa. "Tun safe nake jin suna kirana. Sha furarki mu je, Yaya. Gurbinta na zauna a kai."

Hansai ta daɗe tana kallon hancin nan da ta sha goge wa jini.

"Cire zanen nan ki ɗora sanwa," ta ce. "In na dawo na tarar ba ki tankaɗe gari ba, ni da ke ne."

Ta ja ƙofar gida daga waje, ta sa sakata. Ta koma kurmi ita kaɗai, rana ta yi ja.

Budurwar na inda ta bar ta. Ta dubi bayan Hansai. Babu kowa.

"Ni ce jininki."

"Na sani."

"Ba ni na yi laifi ba."

"Ni na yi. Ita ma ba ta yi ba. Nonon Inna ta sha, a bayana ta girma. In na kawo ta, na sake yar da ƙanwa a gindin bishiyar nan. Ba zan iya sau biyu ba."

Hansai ta ce in rai suke so a madadi, ga ta. Budurwar ta ce ba sa son babba. Daga nan ta ce tana da roƙo ɗaya. Tana ganin mata suna shigowa kurmi da yara a baya. Tana so ta ji yadda abin yake.

Hansai ta juya, ta sunkuya. Ta kwance mayafinta ta ɗaure ta. Babu nauyi ko kaɗan, kamar ta goyi ƙullin auduga. Ta fara tafiya wajen gari, a hankali, tana jijjiga ta. Da suka kusa bakin kurmi sai nauyi ya fara zuwa. Ya ƙaru. Ta ji ɗumin mutum a bayanta, ta ji numfashi a wuyanta, ta ji wani abu mai zafi ya ɗiga mata a kafaɗa. Muryar ta fito daidai da motsin baki, a saitin kunnenta.

"Za ki riƙa zuwa?"

"Duk Alhamis."

Rana ta faɗi. Mayafin ya saki.

Ta shiga gida ta tarar an tankaɗe garin. Ba su yi maganar ba, a ranar ko bayanta. Amma ko bayan da aure ya raba musu gida, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma kullum Tabawa ke ɗebo wa yayarta ruwa.

Hansai ba ta sake ganin budurwar ba. Sai dai duk Alhamis in ta je, takan tarar da damin kaba a gindin goribar, an yanke tas, an ɗaure da wani ƙulli karkatacce, irin na wanda ba a taɓa nuna wa ɗauri ba. Takan zauna ta ba da labarin gari, wa ya haihu, wa ya yi aure, sannan ta ɗauko damin. Yaya Lantana ta ce da wannan kabar Gwaggo Tabawa take saƙa, shi ya sa tabarmarta ba ta tsufa. Saude ta janye ƙafarta daga wadda muke zaune a kai.

Shekara arba'in da ɗaya Gwaggo Hansai ta yi tana zuwa, da ruwa da rani, har da sanda a ƙarshe. Watan jiya Allah ya yi mata rasuwa. Gwaggo Tabawa ba ta da ikon shiga kurmin, in ta shiga ba za a bar ta ta fito ba. Mutanen gari kuma tsoro suke ji. Na je ni da Yaya Lantana, muka yi ta magana, kurciyoyi ba su daina kuka ba, alamar ba a saurare mu ba. Dami biyar muka tarar a jere. Na farkon har ya bushe.

Wataƙila muryarmu ce ba ta kai ba, wataƙila ta wani ta kai. Don haka in hanya ta bi da kai ta gabashin Tungar Maje, kada ka shiga kai kaɗai, ka nemi abokin tafiya. Ku tsaya a gindin goribar da ke da dammunan kaba, ku yi sallama. In kun ji daji ya yi tsit, kada ku gudu. Ku gaya mata Hansai ta rasu. Ku gaya mata ba ƙin zuwa ta yi ba.