Fitilar Hagu

Mai duba lafiyar motoci ya ba ni kwana ɗaya. Ya ƙwanƙwasa fitilar hagu da bironsa ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ta makance. Ki gyara zuwa gobe, in ba haka ba babu takarda."

Idan babu takarda, makarantar da nake kai wa yara za ta sallame ni. Tun rasuwar maigidana da motar nan nake ci. Ba ni da kowa a gidan, sai ni sai ƙarar firij.

Ana gab da magariba na shiga gareji da bokitin ruwa, da samfefa kala uku, da man goge roba. Wurin yana warin tsohon man inji da rigarsa da na kasa cirewa daga ƙusa. Shi da kansa yake wannan aikin, sau ɗaya a shekara, ƙofa a rufe. In ya fito ba ya cin abinci. Nakan tsokane shi, in ce fitila ɗaya ta kayar da ƙato. Bai taɓa dariya ba.

Da na durƙusa na shafa robar fitilar, sai na ji ba cin rana ba ne. Cin rana rawaya yake yi. Wannan karce ne, layi-layi, duk ta gefe ɗaya. Da hannu aka yi shi, kuma da gangan. Na ji haushin maigidana, har na ce a fili, "Kai ma dai!" Sai kewarsa ta kama ni.

Na jiƙa samfefa na fara. Shaf, shaf, shaf. Farin ruwa kamar madara yana gangarowa gwiwar hannuna. Na sauya mai laushi, na shafa mai, na murza da tsumma har na ga fuskata a ciki.

Sai gwaji. Na ja ƙofar gareji don wurin ya yi duhu, na kunna fitilu a bango.

Ta dama ta ba da haske tas.

A cikin hasken ta hagu akwai inuwar mutum a tsaye.

Na dubi gaban motar. Taku biyar ne zuwa bango, kuma babu komai sai siminti.

A nan na lura da zanen fensir a bangon, gajerun layuka, ɗaya bisa ɗaya. Na sha ganinsu, na ɗauka saitin haske yake aunawa. Guda tara ne, shekarun motar a hannunmu. Kan inuwar ya wuce na taran da kamu ɗaya.

Inuwa tana girma ne idan mai ita ya matso kusa da fitila.

Warin ƙasa mai damshi ya cika garejin. Ruwan bokiti ya fara rawa.

"Waye?" na ce.

Inuwar ta karkata kai. Na ji numfashi, daidai hancin motar.

Na murɗe makunni. Ta dama ta mutu. Ta hagu ta ƙi.

Bonet ya lotsa a hankali, kamar an ɗora tafin hannu.

Ban san addu'ar da na karanta ba. Na suri bokitin nan na watsa farin ruwan a kan fitilar. Hasken ya dushe, inuwar ta narke, bonet ya ce ɓas ya koma daidai. Da rarrafe na fita.

Da safe na wanke fitilar a waje cikin hasken rana, na kai motar. Mai dubawa ya kara na'urarsa a gaban ta hagu, ya leƙa, ya goge gilashin na'urar da hannun riga, ya sake leƙawa. Da ya buga hatimi bai kalle ni ba.

"Ki tafi da ita," ya ce a hankali. "Yanzu."

A bakin titi na tsaya, na ɗauko samfefa mai kaushi na karce fitilar da hannuna. Da na koma gida na hau kujera na ja layi na goma. Tsakaninsa da silin bai fi kamu biyu ba.

Na buɗe takardar na karanta. Ta shekara ɗaya ce.