Taraktar Marigayi Ta Ƙi Tashi

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da bakanike ya fito daga ƙarƙashin tarakta yana goge hannu da tsumma. Kwana uku ke nan da saukar ruwan farko. Ƙasa ta yi laushi, maƙwabta duk sun fara huɗa, ita kuwa taraktar marigayi ta ƙi tashi.

'Yar ƙarama ce, ja, tana kwana a rumfar kwano a gefen tsakar gida. Ita da gonar bayan gida su ne duk abin da ya bari. Matarsa, wadda tun fitarta takaba ake kira Mai Tarakta, ba ta yi karatu ba, amma ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Dillalai biyu sun zo taya taraktar tun ba a gama zaman makoki ba. Ta ba su ruwa suka sha, ta nuna musu ƙofa.

Ƙanin mijinta ke tuƙa ta yanzu. Yana ɗan shekara shida aka kawo Mai Tarakta gidan tana amarya. Ita ta yi masa wanka, ita ta yi jinyarsa da ya yi ƙyanda. Yaya yake ce mata. Shi ya ɗauko bakaniken, wani abokinsa, kuma tun safe yana zaune daram a kan kujerar tarakta, yana murɗa makulli duk sanda aka ce ya murɗa. An caja batir. An kankare kan batir har yana ƙyalli. An sauya matatar mai, an fitar da iska daga bututu. Fitila na kamawa, inji ko tari bai yi ba.

"Inna," in ji bakanike, "wannan ba ciwon ƙarfe ba ne."

"To ciwon me? Ciki gare ta?"

Bai yi dariya ba. Ƙanin miji ya sauke murya. "Yaya, mutanen ɓoye sun shige ta. Ki rabu da ita tun tana da masu so."

"Ko aljanu ne, su biya haya," in ji ta, ta shige ɗaki.

Ana idar da sallar magariba dutse ya faɗo a kan kwanon rumfa. Sai na biyu. Sai na uku. Kaji suka yi tsit a akurki. Washegari ma haka, jibi ma haka, kullum daga bayan katanga. Magana ta zaga unguwa. Masu kawo gonakinsu a yi musu huɗa suka daina sallama. Matan da ke shigowa aron turmi suka koma aikowa daga bakin ƙofa. A rana ta huɗu Mai Tarakta ta daɗe tana kallon rumfar, sannan ta ce wa ƙanin mijinta ya nemo mai saye ya kawo shi da safe. 

A wannan magaribar jifan ya sauya. Duwatsun suka fara faɗowa a tsakiyar ɗaki, rufi lafiya lau ba huda, in ka ɗauka sai ka ji su da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Ta ƙwala wa Auta kira. Auta ce 'yarta ta ƙarshe, budurwa, wadda uban ya koya wa tuƙi tun ƙafarta ba ta kai birki ba. Shiru. A rumfa ta same ta, zaune a kan kujera, hannu biyu a sitiyari, ido a buɗe ba ƙiftawa. Ashe da ta ji za a sayar, ta je ta gwada makulli sau ɗaya na bankwana.

"Auta, sauko."

"Ba ta nan," in ji bakin Auta, da muryar tsoho.

Aka ruga aka ɗauko Malam, dattijon da ke limanci a masallacin layin. Ya zo a hankali, ya sa aka shimfiɗa tabarma a bakin rumfa, aka sauko da yarinyar mutum uku na riƙe da ita. Ƙanin miji ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefe. Malam ya daɗe yana karatu a kunnenta. Duhu ya fara haɗuwa. Ba ka jin komai sai muryarsa da numfashin Auta.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Maƙwabci ne. Na riga rumfar nan zuwa. Jikokina kan kwanta a jikin injin saboda ɗumi. Mai gidan nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar da ita ba sai ya ƙwanƙwasa murfin inji sau uku ya yi sallama, mu sauka. Tun da ya rasu ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na yi haƙuri, na ce marayu ne. Sai ga shi ana yawo da ni a unguwa, wai na kashe tarakta, wai ina jifa. Ni! Shi ya sa na ce bari su ga yadda jifan gaske yake."

"Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Zan fita. A ba ni rumfar, a fitar da ƙarfen nan."

Malam bai kai ga buɗe baki ba Mai Tarakta ta matso, ta gyara ɗaurin zani. 

"Rumfa dai a'a. Mijina ya kafa ta da hannunsa."

"To rabinta."

"Ko taku ɗaya. Ƙwanƙwasa uku da sallama, kamar da. Kuma ba a tayar da ita bayan magariba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Bakin Auta ya yi wata busasshiyar dariya. "Mijinki ya sha faɗa mana halinki. Na karɓa."

"Ban gama ba. Ka tsorata mini yarinya, sai ka yi mini gyara. In ba kai ba ne, wa ya kashe ta?"

Malam ya ɗago kai.

"Ba ma shiga tsakanin 'yan'uwa," in ji muryar. "Amma ki ɗaga kujera. Kuma ki tambayi wanda ya yini a kanta me yake ɗebowa a bayan katanga."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Sai da Mai Tarakta ta ba ta ruwa, ta lulluɓe ta da mayafi, sannan ta karɓi tocila ta shiga rumfa. Ta ɗaga kujerar. A ƙarƙashi akwai 'yar waya mai kai biyu da ke shiga cikin juna. An zare su, an tura ɗaya cikin soso. Auta ta leƙo daga bayanta.

"Wannan ce Baba ya ce ita ke gaya wa inji akwai mutum a kai. In an cire ta, ko shekara za a yi ana murɗawa ba za ta tashi ba. Ni da Baffa ya nuna wa, rana ɗaya."

Mai Tarakta ta juya ta haska tabarma. Malam na nan yana jan carbi. Inda ƙanin mijinta ya durƙusa babu kowa, sai takalmansa biyu a jere. Ita ta saya masa su.

Ba ta yi kuka ba. Ta haɗa kawunan wayar da yatsunta har suka ce ƙyas, ta mayar da kujera. An yi alkawari, don haka ba ta bari an taɓa makulli ba.

Da hantsi mai saye ya iso, bakanike na biye da shi. Suka tarar da ita tsaye a bakin rumfa, Auta a kan kujera. Ta ƙwanƙwasa murfin inji sau uku, ta yi sallama, ta ɗan jira. Auta ta murɗa makulli. Tarakta ta yi tari ɗaya ta kama, hayaƙi ya turnuƙe rumfa.

Mai Tarakta ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta miƙa wa bakanike.

"Kai wa abokinka. Ka ce Yayarsa ta ce kada ƙaya ta soke shi a hanya, don hanyar ba ta biyo ta gidan nan ba."