Faifan Mzee Ojwang

Abinci kawai na je kai wa yayana Ogola. Rana ta kusa faɗuwa a kan tafki, ƙarnin kifi yana biyo iska har saman benen da muke haya a Kisumu. Ni da shi muke riƙe da ɗan kamfanin, muna ɗora wa mutane shafukansu a intanet. Tun da maigidanmu Mzee Ojwang ya rasu, aikin ya dawo wuyanmu.

Na tarar da shi a ɗakin injuna, ya haɗa gumi duk da sanyin wurin. Sabuwar saba yake harhaɗawa, wato manhajar da ke miƙa shafi ga duk wanda ya nema. Ita kuwa 'yar rainin hankali ce, ba ta tsayuwa ita kaɗai. Sai ta bincika ko akwai manhajar harhaɗawa, ko ta tsaro sabuwa ce, ko wuri ya ishe ta. In ta rasa abu ɗaya sai ta tsaya cik. Ranar kuma layinmu ya yanke, babu halin sauko da komai.

"Awuor, miƙo min faifan ajiyar Mzee," in ji shi.

"Na cikin durowarsa? Yaya, ba a raba kayansa ba fa."

A wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun taru sun raba. Ogola ya fi ni sani.

"Ke dai farar kura ce! Aro zan yi, ba sata ba. Duk abin da take nema tsohon ya tara a ciki."

Na ƙi, ya ɗauko da kansa ya jona. Sannan ya yi abin da dukkanmu 'yan wannan sana'a muke yi: ya sa alamar da ke amsa "e" ga kowace tambaya tun kafin a yi ta. Wa ke da lokacin karantawa?

Rubutu ya shiga gudu a allon. Ana neman kaza, an samu. Ana neman kaza, an samu. Ogola ya buɗe kwanon, ya gutsuri ugali, tuwon masararmu, ya haɗa da soyayyen omena, ƙananan kifin tafki.

"To, matsoraciya, ina fatalwar?"

Sai fankokin injuna suka yi tsit. Ba a ɗauke wuta ba, ga fitilu nan suna ƙyaftawa. Wani wari ya cika ɗakin, na man zafin da Mzee ke shafa wa gwiwarsa.

Kujerarsa da ke lungu ta yi ƙara. Babu wanda ya zauna a kanta tun rasuwarsa. A hankali ta juyo ta fuskance mu.

Rubutun ya rage gudu. Ana neman mai kula da sabar. Babu. Ana neman madadinsa.

"Yaya, tsayar da ita," na ce da raɗa.

Ya danna. Ya sake dannawa. Maɓallan suna nutsewa kafin yatsansa ya kai.

An samu: Ogola. A girka?

"E" ta fito da kanta.

Lomar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe, ya nufi lungun yana ɗingishi da ƙafar hagu, irin tafiyar Mzee sak. Ya zauna.

Na cafki hannunsa na ja. Sanyi ƙalau, ko gezau.

Allon ya sake haske. Ana neman mataimaki.

"Gudu," ya ce, leɓɓansa ba su motsa ba. "Ta fara rubuta sunanki."

Na ga harafin farko. Ban jira na biyu ba. Ƙofar ta datse a bayana, ta cinye min takalmi, na gangaro matattakalar da gwiwoyi.

Dangin Mzee sun zo sun karɓi faifan. Fasto ya yi addu'a har muryarsa ta dishe. Ogola yana nan a kujerar. An taɓa ɗauko shi ƙarfi da yaji, numfashinsa ya tsaya a bakin ƙofa, dole aka mayar da shi. Sabar kuwa ba ta taɓa faɗuwa ba, ko an ɗauke wuta. Abokan ciniki sai yabonmu suke.

Wata rana da tsakar rana na yi ƙarfin hali na koma ɗakin na ba da umarnin a cire sabar, na kuma tsaya na karanta. Ta ce za a cire manhajar tare da duk abin da ya dogara da ita. A ƙasa suna ɗaya ne, na yayana. A ci gaba?

Ya ɗago ido, ya yi magana da muryarsa ta ainihi, ba ta Mzee ba.

"Danna e, ƙanwata. Na gaji."

Na danna a'a.

Kullum da yamma ina kai masa abinci, kullum sai ya roƙe ni. Ya rame, idanunsa sun faɗa, kuma na san ba zai fito ba. Tambayar ta dawo allon tana jirana, kuma jiya na daɗe da yatsana a kan ɗaya maɓallin, na "e".